Ni Nake Yi Wa Ƙanena Allurar da Ta Taɓa Masa Hanta

Assalamu alaikum Anti da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma a ji ni tukuna kafin a zage ni, ni ma ban bar kaina ba.

Ina aiki a wani kemis a Bukan Sidi, nan Lafiya. Ƙanena yana ɗaga ƙarfe, sana'arsa kuma tsaron ƙofa a wuraren biki, irin waɗanda ake ce wa bansa. Bara ya kawo min allurar ƙara ƙwanji, wadda suke kira sitiroyid, ya ce, "Yaya, in ba ki yi min ba, yaran wurin ɗaga ƙarfe za su yi min, kuma sirinji ɗaya ne suke amfani da shi dukansu." Sai na ga gara ni. Haka na yi ta tsira masa a bayan kantar kemis ɗin, ƙirjinsa yana buɗewa, Mama tana murna wai ɗanta ya yi kyau.

Watan jiya ciwo ya kama shi a ƙasan haƙarƙarin dama, aka ɗauki hoto, aka ga ƙari a hanta. Likita ya tambaye shi ko yana amfani da maganin gina jiki, don yana kawo irin wannan, kuma in an daina wani lokaci yakan ragu. Yaron nan ya dubi tsabar idon likita ya ce ko farasitamol ba ya sha! Ina tsaye a wurin, na ja bakina na yi shiru. Wace irin yaya ce ni?

Yanzu Mama ta ɗora wa maƙwabciyarmu laifi wai jifa ta yi masa, ta daina gaishe da baiwar Allah, tana ta zuwa garin Obi karɓo masa jiƙe-jiƙe. Abin da ya fi ƙona min rai, shekaranjiya ya sake zuwa min da kwalbar allurar. Na ce, "Kai, ka haukace ne?" Ya ce, "Sizin biki ya zo, wa zai ɗauki ramammen bansa? In kin gaya wa Mama, ni ma zan gaya mata wa yake yi min."

Na ƙi yi masa, amma wallahi na san ba zai rasa mai yi ba. In na faɗa wa likita Mama za ta ji, aikina ma zai iya tafiya, tunda ba ni da izinin yin allura. In na yi shiru, an riga an ce ƙarin zai iya fashewa ya zubar masa da jini a ciki. Litinin za a koma asibiti, kuma ni zan raka shi. Jama'a, me zan yi?