Wanda Zai Kira Taro Bayan Ni

Da safe: na sha magani, na goge tebur, na zauna rubutu.

Da sunan Allah nake farawa. Ni ce mahaifiyarku, da hannuna nake rubuta wannan, hankalina ɗaya, babu zazzaɓi a jikina yau, babu kuma wanda ya sa ni. Na faɗi haka ne don kada wani ya ce ciwo ne ya yi magana. Ku uku nake nufi: kai Dogo, ke Sista, da ke Auta. Na fara na yage, na sake farawa, domin na saba rubuta abin da wasu suka faɗa a taro, ban saba rubuta nawa ba. Babban likita ya daina ce mini za mu gani, ya koma tambayata ko akwai mai kwana tare da ni. Na gane. Shekarata arba'in da huɗu, na so a ce na ga auren Auta, amma ba shawarata aka nema ba, kuma na karɓa.

Na ɗaya, gida. Rabon gado ba aikina ba ne, akwai masu saninsa, kawunku zai kira su. Roƙona kawai, kada a sayar da gidan nan, kada a ja katanga a tsakiyarsa, sai Auta ta gama makaranta. Ina so ta dinga dawowa ta tarar da ƙofar da ta sani.

Na biyu, ƙananan kaya. Agogon babanku na Dogo ne, yana gudu kaɗan, haka marigayin ya bar shi. Akwatin zannuwa na Sista ne. Tsohuwar tafireta ta Auta ce, tunda ita kaɗai ba ta taɓa yi mata dariya ba. Babban filas ɗin shayi da ke kan kabad ba namu ba ne, na kwamiti ne, a mayar. Littattafan da nake rubuta abin da na yi kullum suna ƙarƙashin gado. Babu wani sirri a ciki, kada ku wahalar da idonku. Na duba su kwanan nan, yawancin shafukan na je, na buga, na dawo ne. In kun ga dama ku ajiye ɗaya, ku ƙone sauran.

Na uku, haƙƙin mutane. Ba na bin kowa kuɗi, ba a bina. Amma akwai ziyara a kaina. Gwaggonku ta kwanta asibiti bara, sau ɗaya na leƙa ta, na ce aiki. Ku je ku ce na ce ta yafe mini. Za ta yi mita, ku bar ta ta gama, sannan za ta ba ku abinci.

Na huɗu shi ne mai tsawo, kuma dominsa na zauna. Kun san ni ce sakatariyar kwamitin haɗin gwiwa, amma ban taɓa zaunar da ku na bayyana muku ba, na ɗauka zai gundure ku. Asibitin haihuwa na bakin iyaka, inda Sista ke aiki, ƙananan hukumomi biyu ne suka gina shi: tamu, da ta tsallaken gada. Su ke biyan ma'aikata, mu ke riƙe da motar ɗaukar marasa lafiya da man da take sha. Kowane ɓangare yana naɗa kansiloli huɗu, shugabanci kuma karɓa-karɓa ne. Ni ba ni da ƙuri'a. Abu ɗaya nake da shi: ni kaɗai ke kiran taro. An tsara haka ne domin babu shugaban da zai yarda a ce ya amsa kiran ɗan'uwansa. Idan takarda ta fito da sunana, kowa sai ya zo da girmansa, babu wanda ya kira wani.

To ga inda gizo ke saƙa. Ba a naɗa sakatare sai a zaman kwamiti, kwamiti kuma ba ya zama sai sakatare ya kira. In na tafi kujerar tana fanko, babu mai kira, babu mai naɗawa. Babu wanda ya lura da wannan, domin tun ranar farko ni ce a wurin, ban taɓa yin dogon hutu ba. Ni kaina sai da na kwanta na gani. Tun bayan zaɓe, da aka canza 'yan kwamiti, ba a samu zama ko ɗaya da ya cika ba. Yarjejeniyar kuma a ƙarshen shekara take ƙarewa. In ba a sabunta ba, mutanen tsallake za su janye ma'aikatansu, namu su janye motarsu, a sa wa ƙofa kwaɗo. Matan ƙauyukan nan sai su koma tafiyar babban asibiti da naƙuda a jikinsu.

Na biyar, kai Dogo. Na san shugaban ƙaramar hukumarmu ya kira ka ofis, ya dafa kafaɗarka, ya ce ɗan gida ne zai gaji uwarsa. Ba kai ka gaya mini ba, masinja ne, ya ɗauka albishir yake yi mini. Ina roƙonka kada ka karɓa. Ba don ba za ka iya ba, rubutunka ya fi nawa tsabta. Amma kai ma'aikacin sashen motocinsa ne, shi ya ɗauke ka. Ranar da takarda ta fito da sunanka, mutanen tsallake za su ce shi ne ya kira su, ba za su zo ba.

Kuma akwai abin da ba a gaya maka ba game da kujerar. Tana son wanda babu ɓangaren da zai ce namu ne. A hukumarmu, ta tsallake suke ce mini. A tsallake, in na shiga ofis sai a sauya hira. Ofishina ɗan ɗaki ne a bayan wurin ba da magani, taga ɗaya, tana kallon tankin ruwa. A nan nake cin abincin rana ni kaɗai, ina jin dariyar ma'aikata ta bango. In wani kansila ya aurar da 'ya, sai in yi ta lissafi: in na je, wancan ɓangaren zai ji, in ban je ba, wannan zai riƙe ni. Yawanci sai in aika gaisuwa in zauna gida. Da babanku yana raye ban ji nauyin abin ba, shi nake dawowa in ba labari, yana ce mini alƙaliyar da ba ta da bulala. Bayansa ne na san abin da na zaɓa. Ba na so maka wannan kana da ƙuruciyarka.

Wataƙila na yi kuskure. Wataƙila abincinka nake hana ka, kuma ni ba zan kasance nan in ga abin da ya biyo baya ba. Na juya maganar ta kowace fuska, nan dai take tsayawa. In an tambaye ni, matar da ke kula da katin marasa lafiya zan ambata, domin ta yi faɗa da kowane ɓangare daidai wa daida. Amma naɗi ba nawa ba ne, sa shi a ajanda kawai zan iya, kuma na sa shi farko.

Na shida, ku biyun, Dogo da Sista. Tun ranar matar nan mai naƙuda da jini ya ɓalle mata ba ku yi wa juna magana ba. Sista ta kira ka tana neman mota. Sabon umarni ya ce mota ba ta ƙetare gada sai da sa hannun shugaban sashe, kai kuma ba ka da makulli sai ya sa. Kafin a same shi an ɗauki matar a motar kaya. Ta rayu, jaririn bai rayu ba. Da yamma, a gabana, muna cin abinci, Sista ta ce, "Yaya, takarda ta fi maka rai." Ka ajiye cokali ka tashi. Tun daga nan kai a ɗakinka kake ci, ita kuma ba ta zuwa sai ta tabbatar kana ofis. Auta ce ke kai saƙo tsakaninku kamar ba ciki ɗaya kuka fito ba, ta kuma gaji, ta gaya mini.

Ba zan yanke hukunci ba, aikina bai koya mini haka ba. Zan dai rubuta abin da kowa bai sani ba. Sista, yayanki da ƙafa ya ruga gidan shugaban sashe cikin ruwan sama, daga can ya bi shi har wurin gyaran mota. Da ya dawo ni na ga tafin ƙafarsa. Dogo, ƙanwarka ce ta wanke jaririn, ta naɗe shi, ta miƙa wa ubansa. Ba ta ci abinci ba washegari. Umarnin da ya hana motar fita, da kwamiti ya zauna da an soke shi a zama ɗaya. Rigimar manya ce ta sauka a kan teburinmu. Ban ce ku manta ba. Na ce ku yi magana.

Na bakwai, aikin da nake ba ku. Na kira taro na ƙarshe, na buga takardun gayyata biyu, na sa hannu. Na karanta yarjejeniyar daga farko har ƙarshe, babu inda ta ce sai mai kira ya halarta. Tunda na sa hannu ina raye, taron ya halatta ko ban kai ranar ba.

Sai dai dole takardun su shiga hannun shugabannin biyu lokaci guda. An taɓa kai wa ɗaya da safe, ɗaya da rana, taron ya watse a kan wa aka fara kai wa. Tun daga nan ni da tsohon direbanmu muke raba aikin, shi a wannan ƙofa, ni a waccan, mu yi waya, mu miƙa tare. Ya rasu, ni kuma ba na iya hawa bene yanzu. Masinjan kowace hukuma ba zai yi ba, za a ce nasu ne. Ku nake da su. Dogo, kai za ka kai ta tsallake. Sista, ke za ki kai ta hukumarmu. In kowa ya isa ƙofar ofis, ku kira juna, kira na gaske, ba a buga a kashe ba. Ku ji muryar juna, ku ce kun isa, sannan ku miƙa. In ɗayanku ya ƙi, babu taro. Ban shirya hakan don in kama ku ba, amma da na ga haka ta kasance, ban nemi wata hanya ba.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu jin ƙanku yadda kuka ji ƙaina a ciwon nan, kowa ta hanyarsa. Na yafe muku duk abin da na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini yawan shiruna. Dogo, kai ne babba, ƙofarka ta zama a buɗe. Sista, ki rage kaifin baki, zuciyarki ta fi bakinki kyau. Auta, ki yi karatu, ki daina ɗaukar saƙon kowa. Ku dinga cin abinci wuri ɗaya ko da ba ku da abin cewa. Na bar ku a hannun wanda ba ya barci.

Na gobe, in an kai:

A liƙe takardun biyu, a rubuta sunan ofis a bayan kowace.
A karɓo sauran magani.
Famfon bayan gida yana ɗiga, a nemo mai gyara.
A sa wa rigar makarantar Auta maɓalli.
A kira Dogo. A kira Sista. Ban yanke wanda zan fara kira ba.