Muryar Inna a Kaset

Boɗinga, daren Talata, damina, 1983

Barci ya ƙi zuwa. Yau muka tsaya gaban alƙali ni da Mamman tela, har yanzu raina tafasa yake yi.

Don maƙwabtaka na ara mishi rikodata, na manta kaset ɗin da Inna ta naɗo mini daga garin Shagari kafin ta rasu yana ciki. Shi kuwa ya danna ya ɗauki waƙar Indiya a kai. Waƙar da ko kalma ɗaya bai sani ba!

Na ce, "Allah shi gafarta malam, muryar mahaifiyata fa ya goge." Alƙali ya jujjuya kaset ɗin ya ce, "Doka ba ta san murya ba. Shi saya maka sabo." Mamman har da murmushi, wai mai kyau zai sayo. Allah ya isa tsakanina da shi.

Ɗazu na daure na saurari ihun mawaƙiyar Indiyar nan har ƙarshe. Da waƙar ta yanke, sai na ji Inna: "...ka riƙa cin abinci." Abin da ya rage mini ke nan. Sabon kaset ɗin, Mamman ya jiƙa ya sha.