Ni Ke Noma, Mika Ke Karatu

Goggo Maijidda, don Allah ki cece ni, wannan karon ba wasa nake ba.

Ni ɗan kabu-kabu ne a Zuru, allo kawai na yi. Aminina Mika kuwa boko ya shige masa jini. Digiri na biyu yake yi a fiziks a Sakkwato, kuma bai ƙoshi ba, ya haɗa da na koyarwa. Taura biyu ke nan, ga ta uku: golmo, wato noman da saurayi ke yi wa baban budurwa kafin a ba shi ita. Shi Kirista ne ni Musulmi, amma tare muka sha dukan satar mangwaro. To damina biyu ke nan ni ke ɗaukar fartanyarsa in je gonar baban budurwarsa Saloma a madadinsa.

Da fari ina jin daɗi, ina tsokanar tsohon, ina ce wa Saloma mijinta na can yana auna nauyin iska. Yanzu abin ya fara wari. Ran nan tsohon ya dube ni ya ce shi dai wanda ya ga zufarsa ya sani. Saloma ta daina tambayar yaushe Mika zai zo. Ni take kawo wa kunu, kuma Goggo, ban ɓoye miki ba, dariyarta ta fara bi na har gida.

Na je wurin masu wayar haya na kira shi, na ce ya dawo zai rasa mata. Sai ya fashe da dariya, wai in sake wata, yana da jarrabawa biyu a mako ɗaya. Don kawai bara na tsokane shi na ce masa an ɗaura mata aure da soja, ya baro Sakkwato ba ko jaka! Zuwansa na ƙarshe na ga ya rame, idonsa ya faɗa, ban son ƙara masa kaya. In na daina zuwa gonar, maganar ta mutu. In na ci gaba, ban san inda za ta kai ni ba. Na kasa zaune na kasa tsaye.

Sarkin Tsokana, Zuru

Ɗana Sarkin Tsokana,

Ka yi zumunci, Allah ya saka. Amma ka sayar da bakinka da arha, shi ya sa yau ba mai saye.

Kada ka ga laifin Mika da yawa. Karatu biyu ba wasa ba ne, kuma don gidan da zai ajiye Saloma yake yi. Tsohon ma yana da gaskiya, ba a ba da ɗiya ga wanda ba a gani.

Daina zuwa gonar kai kaɗai. Ka tafi da ƙannen Mika, kunun kuma su karɓa. Ka sanar da kawunsa ya je ya ga tsohon. Masu karatun koyarwa kan fita gwajin aiki a makarantu, Mika ya roƙa a turo shi Zuru: safe aji, yamma gona. In hakan ya gagara, ya jingine karatu ɗaya zuwa baɗi. Digiri na jira, zuciyar budurwa ba ta cika jira ba. Taka ma haka.

Waya kuwa ta ƙare. Ka hau mota ka kai masa fartanyarsa har ɗaki, ka ɗora ta kan littafinsa, ka zauna. Kada ka yi dariya. Ranar da ya gan ka shiru, zai yarda.

Allah ya bar ku tare, ya sa ka yi rawa a bikinsu da zuciya fara.

Goggo Maijidda