Akwatin Yaya da Miliyan Taran da Waya Ta Nuna

Anti Bushira, don girman Allah ki ba ni shawara. Na fita daga wata masifa, alhamdu lillahi, amma akwai abu biyu da suka rage, kuma ba na so in yi aikin zuciya.

Ni malamar firamare ce a Hadejia. Yayana Abdulmannan ya rasu bara, ya bar mata ɗaya, Barira, da 'ya'ya uku. Ita ta koma gidansu a Guri bayan takaba. Yaya ba mai dukiya ba ne, ɗan fili ne da babur, malami kuwa ya raba su lafiya. Abin da ba wanda ya tuna da shi shi ne wani akwatin ƙarfe cike da littattafan nan na labarin zane, waɗanda ake ce wa komik. Da ƙuruciyarsa sana'arsa ke nan. Yakan sayo su gwanjo daga Kano, ya shimfiɗa su kan tebur a bakin tasha yana ba da haya. Shekarar da ruwa ya ci unguwarsu aka kawo akwatin ɗakina, ya zauna nan har Yaya ya bar duniya.

Ga inda na jawo wa kaina. Ranar sadakar arba'in, amininsa Malam Modu ya zo daga Baturiya, bawan Allah yana ta share hawaye. Tare suka yi teburin nan. Tausayi ya kama ni, na buɗe akwati na ƙirga masa guda talatin, na ce ya riƙe don tunawa. Wallahi ko a raina ban kawo cewa gado nake taɓawa ba. Tsofaffin takardu masu warin ruwa!

Ana nan sai ga Tasi'u, ƙanin Barira, mai sayar da wayoyi. Yara ne suka ba shi labarin akwatin. Ya zo da wata manhaja a wayarsa wadda in ka ɗauki hoton bangon littafi take faɗa maka sunansa, da shekarar da aka buga shi, da kuɗin da ake sayensa a ƙasashen waje. Ya yi wuni guda yana ƙyas-ƙyas, ni kuwa har da dama masa fura, sakarya. Da ya gama sai waya ta tara masa jimla: wajen naira miliyan tara. Da ya ji labarin talatin ɗin Malam Modu sai idonsa ya rufe. Ya tafi Guri ya ce na ci dukiyar marayu ta fiye da miliyan guda, kuma ai shi ya sa na yi shiru da akwatin lokacin rabo. Bai tsaya nan ba, ya maimaita a taron suna, gaban mata, ina zaune.

Anti, kin san nauyin wannan kalma. Ni da nake ɗinka wa yaran nan kayan salla! Barira ta daina ɗaukar wayata. Amira, babbar 'yar Yaya, wadda kowane hutu a ɗakina take yinsa, ba a turo ta ba. Wata biyu abinci ba ya mini daɗi. Abin da ya fi cina ma ba bakin mutane ba ne, tsoro ne: in fa gaskiya ne? Da wane ido zan kalli Yaya ranar gobe?

Da aka yi hutu na ce ai ni ma na yi boko. Na sa manhajar a wayata, na shimfiɗa tabarma, na bi su ɗaya bayan ɗaya. A littafi na farko na gano ta'asar. Bayan hoto akwai wurin da take tambaya a wane hali littafin yake, daga maki ɗaya zuwa goma. In ka tsallake, sai ta ɗauka sabo ne fil, kamar yau ya fito daga maɗaba'a. Gogan naki tsallakewa ya yi ta yi, guda ɗari da tamanin da huɗu, don bangon waje kawai yake ɗauka.

To ki ji halin littattafan Yaya. Saboda 'yan haya kada su yaga, kowanne sai da ya kai wa baduku ya huda gindinsa ya ɗinke da zare. Kowanne ya buga masa hatiminsa a shafi uku. Ruwa kuma ya bar musu taswira. Babbar magana, da yake yawancin masu hayarsa ba sa jin Turanci, sai ya bi duk maganar da ke bakin mutanen zanen ya rubuta Hausarta da biro a ƙasa, shafi-shafi, har da nasa ƙarin gishirin. Ina karantawa ina dariya ina kuka. Su kuwa masu saye a can, ashe ko ɗigon biro ba sa so.

Na shigar da gaskiyar kowanne: ɗinki, hatimi, rubutu, ruwa. Na kuma duba wurin da take nuna kuɗin da aka sayi irinsu a zahiri, ba wanda masu sayarwa ke kira ba. Kwana shida na yi. Miliyan tara ta dawo dubu saba'in da 'yan kai, shi ma in an sami mai so. Anti, ban taɓa murnar talauci irin ta ranar ba. Na yi sujada a kan tabarmar, na tashi na ci tuwo malmala biyu.

Yanzu ga tambayoyina. Akwai biki a danginmu ƙarshen wata, Tasi'u zai zo. Zuciyata tana ce mini in tare shi gaban mutane da wayar nan, yadda ya yi mini. Na biyu, littattafan Malam Modu fa? Tunda ba su kai komai ba, ba sai in bar masa ba? Ni kunyar in je in ce a dawo mini da kyauta nake ji, wallahi gara ƙasa ta tsage in shige.

Ƙanwar Marigayi, Hadejia.

AMSA

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan Yaya, ya sa ya huta. Na taya ki murna, kuma na yaba miki. Da aka jefe ki da lissafi ba ki tsaya kuka ba, kin zauna kin bi shi har kika ga inda ya karkace.

Amma bari in faɗa miki wadda ba za ta yi daɗi ba. Tasi'u ya yi kuskure a lissafi, ya kuma yi babban laifi da ya ɓata miki suna a taro kafin ya tabbatar. Sai dai a abu ɗaya yana da gaskiya: akwatin nan na magada ne, ba naki ba. Ko dubu ɗaya ya kai, ba ki da ikon kyauta da abin ciki. Niyyarki mai kyau ce, amma hakkin maraya ba ya raguwa don kayan sun yi araha.

Saboda haka ki je wurin Malam Modu da kanki, ki faɗa masa yadda abin yake. Ba kyautarki kike karɓewa ba, amanar 'ya'yan amininsa kike mayarwa, kuma ina kyautata zaton shi zai fi kowa ganewa. In daga baya magada sun ga dama su ba shi wasu ta hanyar da ta dace, wannan nasu ne. Malamin da ya raba muku gadon farko zai faɗa muku yadda ake yi da rabon ƙananan yara.

Batun biki kuwa, ki bar shi. In kika kunyata Tasi'u a taro za ki huce na yini ɗaya, amma ƙanin Barira ne, kuma Amira a hannunsu take. Ki haɗa littattafan duka, ki nemi malamin da wani dattijo daga kowane ɓangare, ku zauna a Guri. Ki miƙa wa Tasi'u littafi goma da ya zaɓa da hannunsa, ya buɗe cikinsu, ya shigar da halinsu a tasa wayar. Ya ga lambar da idonsa. Daga nan dattawa su ne za su sa shi ya janye maganarsa a inda ya faɗe ta, wannan hakkinki ne, kada ki ji nauyin nemansa.

Ki kuma sani manhaja kiyasi take yi, ba ciniki ba. Yadda miliyan tara ba kuɗi ba ce, haka dubu saba'in. Ki rubuta jerin littattafan da halin kowanne, kowa ya sa hannu, a ba Barira kwafi. In da wanda bai sha ɗinki da biro ba, a ware shi a tambayi wanda ya san harkar. Sauran ina ba da shawara kada a sayar. Rubutun ubansu ne a ciki, da barkwancinsa, kuma ƙaraminsu ba lallai ya tuna muryarsa ba. A sa su a leda, a ɗora akwatin a sama tun damina ba ta kankama ba.

Kada ki jira Barira ta ɗauki waya. Mace ce da aka ce mata an cuci 'ya'yanta, ko ke ce haka za ki yi. Ki shiga mota ki je, ki fara da ba ta haƙuri kan talatin ɗin nan kafin ki ambaci lissafin kowa. Allah ya wanke ki sarai, ya raya marayun nan, ya sa hutu mai zuwa Amira a ɗakinki za ta yi shi.

Anti Bushira.