Ni Ce Na Ɗora Bidiyon Rumaisa'u

Gamboru, Maiduguri
Ranar Talata

Zuwa ga Gwaggo Lauratu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa cikin ladabi, ina fatan wannan takarda ta same ki lafiya, ke da Alhaji da duk mutanen gida a can Kano. Yaya ciwon gwiwar? Allah ya ƙara sauƙi, ya ba ki yawan rai. Mu ma nan alhamdulillahi, Umma ta warke daga zazzaɓin, Baba yana fita shago kullum, sai dai zafi da ya sa mu gaba. Lafiyar jiki kam akwai, Gwaggo, amma gidan babu daɗi yau kwana tara ke nan, kuma ni ce sila.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba, kuma gara in faɗe shi tun yanzu kafin hannuna ya ƙi. Bidiyon nan na ƙanwata Rumaisa'u tana waƙa, wanda na san ya iso ku har Kano, ni ce na ɗauka, ni ce na ɗora. Ba ita ba ce, kamar yadda Baba ya gaya miki a waya. Baitocin ma nawa ne. Ina da wani littafi mai baƙin bango da nake rubuce-rubuce a ciki, irin kalaman da ke zuwa mini idan na gama karanta littattafan soyayyar nan da kika taɓa cewa za su cinye mini ido. Wallahi Gwaggo ba don wani na rubuta ba, babu kowa, ni ko gaisuwar mai kanti sai na yi ta shiri a zuci kafin in buɗe baki. Rumaisa'u ce ta tsinci littafin, ta sa wa baitocin murya tana yi mini tsiya. Ran nan ta dawo daga makaranta, ko kayan makarantar ba ta cire ba, ta tsuguna wanke-wanke tana rerawa, sai na ji kamar ba kalamaina ba. Na ɗauko wayar Umma na ɗauke ta. A littattafan da nake karantawa haka abin yake faruwa: yarinya tana zaune a gidansu, wani ya ji muryarta, shi ke nan sai duniya ta buɗe mata. Na ce bari in ga ko mutum goma za su so kalamaina. Ban lura cewa bajon makarantarsu yana fitowa ɓaro-ɓaro a hijabinta ba.

Kafin kwana uku har masu keke-napep suna kunnawa. A rana ta huɗu wasu maza biyu suka je ƙofar makarantar suna tambayar maigadi wace ce yarinyar, wai suna da situdiyon ɗaukar waƙa. Hedimasta ya aika aka kira Baba daga kasuwa. Ban taɓa ganin fuskar Baba kamar yadda ya shigo da ita ranar ba. Ya tara mu a falo, ya ajiye wayar a kan tabarma, ya tambaya wa ya yi wannan aiki. Na buɗe baki, Gwaggo, Allah ne shaidata na buɗe, amma harshena ya maƙale. Ina kallon tabarma ina ƙirga zanenta. Sai kawai na ji Rumaisa'u ta ce ita ce, wai ta jingina wayar da tulu ta ɗauki kanta. Da ya tambaye ta inda 'yar shekara goma sha ɗaya ta samo irin waɗannan kalamai, ta ce a keke ta ji. Ko kallona ba ta yi ba.

Hukuncin da Baba ya yanke shi ne ya hana ni barci. Ya ce babu waƙa, babu wasan ces, darar Turawan nan da take yi, daga makaranta sai Islamiyya sai gida. Ya ɗauke allon da 'ya'yan wasan ya kulle a durowarsa. Kin san shekara biyu ke nan tana wannan wasa a kulob ɗin makaranta, kuma a watan jiya ta cinye duk 'yan ajinsu da na gaba da su, har aka zaɓe ta zuwa gasar 'yan makaranta da za a yi a Gombe. Takardar izini tana nan a kan talabijin, kuma ranar Juma'ar nan ce ranar ƙarshe ta mayar da ita da sa hannun uba. Idan ba a mayar ba, wata za a saka.

Tun daga nan gidanmu ya zama kotu. Kawu Mahfuz, ƙanen Umma, yana zuwa kusan kullum bayan la'asar, yana cewa Baba yana rufe ƙofar da Allah ya buɗe. Wai a cikin mako guda yarinya ta yi sunan da wasu suke nema shekara goma ba su samu ba, idan aka bi abin da tsari, da waƙoƙin biki da na yabon Annabi, kafin ta kai shekaruna kowa ya san ta daga nan har Nijar. Ya ce shi kuwa wasan Turawan nan, mutum ya zauna awa huɗu ya ƙura wa katako ido kamar mai zaman makoki, a ƙarshe a miƙa masa kofin da ko shayi ba a sha da shi, wa ya san shi? Ya ce a shiga kasuwar Gamboru a tambayi sunan gwanin ces ɗaya, idan aka samu mai amsa shi zai aske gemunsa.

Shekaranjiya kuma Malama Dorothy, wadda take koya musu wasan, ta zo da kanta, kuma suka yi kiciɓis da Kawu. Ta ce masa da farko dai ba wasan Turawa kaɗai ba ne, mutanen Borno na dā ma sun yi irinsa, tsatsarandi suke ce masa. Sannan ta ce wa Baba muryar yaro ba ta zama wuri ɗaya, masu tafa mata yau gobe sun koma kan wata, ita kuwa za a bar ta da fuskar da kowa ya riga ya sani. Ta ce shi ces a hankali yake tafiya, ba ya sa a san ka a titi, amma abin da yarinya ta koya a kai nata ne har tsufa, kuma ta san yaran da ya buɗe musu hanyar karatu. Kawu ya ce wannan maganar malamai ce. Ta ce ai shi ma tasa maganar dillalai ce. Umma tana bayan labule tana ta salati. Da suka gama, sai Baba ya ce shi ba waƙa ko wasa ne ya dame shi ba. Yarinyar da za ta ɗauki waya a ɓoye ta nuna kanta ga duniya, da wane ido zai sake ta ta tafi Gombe kwana uku?

Wannan maganar ce ta fi damuna, don ba ita ya kamata a faɗa wa ba. Kuma ni na ga abin da su duka ba su gani ba. Kafin a goge bidiyon na karanta abin da mutane suka rubuta a ƙarƙashinsa. Akwai masu sa albarka, amma akwai manyan mutane masu tambayar shekarunta da unguwarsu, har da wanda ya ce a ajiye masa ita. Babu ko mutum ɗaya da ya ambaci baitocin. Na kuma taɓa raka ta wajen wasa sau ɗaya. Ɗakin tsit, ba ka jin komai sai ƙarar agogon da suke dannawa. Ta zauna gaban wani yaro da ya fi ta tsawo nesa, ƙafarta ko ƙasa ba ta kaiwa, kuma babu wanda ya kalli fuskarta, kowa hannunta yake kallo. Da ta ci, suka yi musabaha, ta zo ta ce mini yunwa take ji. Ni a lokacin na ga kamar babu armashi. Yanzu ban san abin da zan ce ba.

Jiya na same ta a bayan ɗaki, ƙarƙashin bishiyar mainar nan. Ta zana allo a ƙasa da gawayi, ta jera murafen lemo da ƙwallayen dabino, tana wasa ita kaɗai. Na ce mata ta je ta gaya wa Baba gaskiya, ni na yarda, ko me zai yi mini. Ta ce ba za ta iya ba. Wai a dokar wasansu, duk ɗan da ka taɓa dole ka motsa shi, ba a cewa na fasa, kuma ita ta riga ta taɓa. Idan ta koma ta ce ƙarya ta yi, laifinta ya zama biyu. Na tambaye ta don me ta rufa mini asiri tun farko. Ta ce ta ga ina rawar jiki kamar kazar da aka jiƙa, kuma ta ɗauka duka kawai za a yi mata a wuce wurin. Sannan ta ce in matsa, na taka mata murfin da ta mayar dokin wasan. Na tambaye ta ko tana son waƙar, ta ce waƙa ai ta wanke-wanke ce. Ba ta yi kuka ba, Gwaggo. Ni ce na yi.

Na san ke kaɗai ce idan kika yi magana Baba yake sunkuyar da kai, shi ya sa na rubuto miki. Ina roƙon ki don Allah ki kira shi kafin Juma'a, ki sa baki ya sa hannu a takardar nan. Ban ce ki roƙa mini ba. Ko littattafan nawa ya ƙona, ko baƙin littafin ma, na yarda.

Ki gaida mini Alhaji, da Yaya Nuraddeen da amaryarsa, da Ammatullahi, ki ce mata ina nan ina ajiye mata turaren wutan da ta ce. Umma tana gaishe ki, ko da yake ba ta san ina rubutu ba.

Da na fara wasiƙar nan, niyyata in lallaɓa in ba maƙwabciyarmu Ya Falmata, tunda gobe da safe za ta bi motar Kano. Amma kin san al'adar gidanmu: takarda ba ta fita zuwa gare ki sai Baba ya karanta ya ƙara gaisuwarsa ga yayarsa a ƙasa da hannunsa. Idan ta iso miki babu rubutunsa, kin san na sake yin wani abu a bayan idonsa ke nan, kuma ko kin kira shi, daga bakinki zai ji, ba daga wurina ba. Ga shi can ya dawo daga masallaci, ina jin Umma tana zuba masa ruwa a kofi. Na bar masa wuri a ƙasan shafin nan, ba zan ninke ta ba, haka zan kai masa ita a buɗe in tsaya har ya gama. Ki yi mini addu'a.

'Yarki mai ƙaunarki,
Khairunnisa