Touko Ba Zai Je Tsibiri Ba

Kajaani, 9 ga Oktoba

Zuwa ga Gwaggo Tuulikki,

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Baba Pentti da yara, can Thunder Bay. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan, ya sa sanyin bana ya zo muku da dama. Mu nan muna nan gwargwado. Mama ta cika firiza da 'ya'yan itacen daji har kifi ya rasa wurin kwana, ƙanenki kuwa, wato Baba, ya fita farautar bana da mutanensa kamar yadda ya saba. Ni ina nan ina wankin motocin bas, in na tashi in wuce ɗakin karatu har sai sun kashe fitila. Kin san bakina bai iya kwana-kwana ba, don haka ki yi haƙuri in shiga abin da ya sa na ɗauki biro.

Ƙanena Touko yana shan ƙwaya, ya fi shekara. Da wiwi ya fara, shi da abokansa na makarantar koyon sana'a, yanzu ya koma ƙwayoyin da ke kwantar da mutum, yana kuma kora su da giya. Garin da kika bari ba shi ne wannan ba, Gwaggo. A zamaninku ana ganin abin na 'yan Helsinki ne. Yau ta waya ake saye, kamar mai odar burodi. Sa'o'ina da yawa ba su ɗauki wiwi a bakin komai ba, har suna cewa a daina kama masu sha a riƙa yi musu magani. Su Baba kuma a wurinsu wanda ya sha barasa har ya kwana a dusar ƙanƙara namiji ne da ya ɗan wuce gona da iri, wanda ya haɗiyi ƙwaya ɗaya kuwa ɗan iska ne da ya zubar da sunan gida. Laifi tudu ne. Na karanta abin da hannuna ya kai gare shi, kuma duk inda na duba magana ɗaya ce: yawancin matasan da muke binnewa saboda ƙwaya wannan haɗin ne ke kashe su, suna kwance cikin abokai, kowa na zaton barci suke.

Abin da ya fi ƙona mini rai, duk ranar Asabar mu uku muke shiga sauna, ɗakin wankan tururin nan namu. Wata da watanni Baba yana zaune gefen ɗansa, ba riga ba wando, yana kallon haƙarƙarinsa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Kin san dokar Kaka, wai a sauna ana zama ne kamar a coci, ba gardama, ba ɗaga murya. To Asabar ɗin da ta wuce Touko ya yi gyangyaɗi a bencin sama har ya kusa faɗawa kan duwatsun murhu masu zafi. Na riƙe shi, na juya na ce wa Baba ɗansa na mutuwa a gabansa shi yana lissafin ludayin ruwa. Sai ya ƙara watsa ruwa a duwatsun, ya jira tururin ya lafa, ya ce ba a irin wannan magana a nan. Na tambaye shi to a ina ake yin ta, tunda a teburin abinci ma ba a yi, a mota kuma rediyo ke magana. Na faɗi wasu kalmomi da ba zan rubuta miki ba. Ban ce na kyauta ba.

Washegari ya fito da nasa maganin. Wai zai kai Touko gidan katakonku na tsibiri, ya bar masa dankali da gatari, ya dawo da kwalekwalen, sai bayan wata guda kafin tafkin ya daskare ya je ya ɗauko shi. Wai faskare da iska mai kyau da shiru su suka gyara mazan da, har da kawo maganar tsofaffi cewa ciwon da sauna da barasa da kwalta suka kasa, na ajali ne. Asibiti kuwa, wai matar maƙwabcinmu a can take aiki, kafin yamma gari ya ɗauka. Na san ƙauna ce ta sa, shi iyakar abin da ya sani ke nan. Amma irin wannan ƙwaya ba a yanke ta dare ɗaya. Jiki kan shiga jijjiga kamar farfaɗiya, mutum ya tafi ba kowa kusa. Na kai masa takardar da ta yi bayanin haka, ya ce da ma karatun ɗakin karatu ne ya sa na raina kowa.

Touko da kansa, wanda kin san sai ya wuni bai haɗa kalma biyar ba, ya same ni a wajen aiki ya ce, "Yaya, kada ka bari a kai ni inda ko na yi ihu ba mai ji." Daga nan na wuce da shi ɗakin da nake haya, yana nan a kan kujerata. Mun samu ganin likita ranar ashirin da huɗu ga wata. Jiya Baba ya zo ya tsaya bakin ƙofa riƙe da rigar sanyin Touko, ya ƙi shigowa, ya ƙi gahawa. Ya daɗe yana kallon takalmansa, sannan ya tambayi ƙarfe nawa ne ganin likitan. Bai ce zai zo ba, bai kuma ce ya fasa tsibirin ba, kuma ina tsoron in ya ce Touko ya shiga mota, zai shiga.

Ga roƙona. Rabin gidan tsibirin nan naki ne, ki kira Baba ki ce ba ki yarda ba. Sannan ki gaya masa gaskiyar rasuwar yayanku Veikko. Mama ta faɗa mini ba ciwon zuciya ba ne kamar yadda aka ce a coci. Kaka ne ya kai shi tsibirin don ya bar barasa, ke kika tarar da gawarsa bayan kwana huɗu, lokacin Baba yana ɗan shekara shida. Har yau bai sani ba. Na san ina tone miki miki, ki yafe mini. Ni na yi ihu bai ji ba. Ke in kin faɗa a hankali zai ji, don ke kika goya shi.

Ki gaishe mini da Baba Pentti, da Aila da maigidanta, da Reijo. Mama tana gaishe ki. Touko ya ce in ce miki yana nan da ransa. Allah ya sada mu da alheri.

Ɗanki,
Kaapo