Firjin da Aka Huda

Yaya,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kuna lafiya kai da iyali. Mama na gaishe ka. Ta ce ta hango ka a talabijin tsaye bayan Kwamishina, wai har tumbi ka ajiye.

Mutanenku na ofishin tsimin wutar lantarki sun zo asibitinmu ranar Talata. Sun canza mana fitilu, Allah ya saka. Sai suka juya kan firji. Ka san shi, mai gurnanin nan da muke tokare ƙofarsa da kujera. Wai shi kaɗai yana shan wutar gida biyar. Ɗayansu ya fito da guduma da ƙusa, ya huda injinsa ta baya, ya yanke wayar, ya fesa masa jan fenti, suka ɗauki hoto. Na ce, "To ina sabon?" Ya ce, "Yana tafe, Hajiya. Doka ce, sai an kashe tsoho ake ba da sabo."

Yaya, a cikin firjin nan allurar ciwon sugan Mama take, tare da ta wasu mutum goma sha ɗaya. Duk garin nan, a asibiti kaɗai wuta ke zama. Yanzu na naɗe kwalaben a jiƙaƙƙen tawul na tura ƙarƙashin gado. Don Allah ka duba mana.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na ga saƙonki.

Ki fahimci dalilin dokar. Bara mun raba sababbin firji, mutane suka karɓa suka miƙa wa 'yan uwansu tsofaffin, shan wuta ya ƙaru maimakon ya ragu. Ni na kawo shawarar a riƙa hudawa, kuma ta yi aiki. A bana lardinmu ya kashe tsofaffin firji ɗari tara da arba'in, babu lardin da ya kama ƙafarmu.

Motocin rabo sun fara da cikin birni. Yankinku na zango na uku, sati biyu a mafi yawa. Kafin nan ki riƙa sayen ƙanƙara.

Kada ki gaya wa Mama cewa shawarata ce. Ki gaishe ta da kyau.

Yayanki

*

Yaya,

Ina gaisuwa. Sati biyunka ya haifi biyar.

Ƙanƙarar da kake faɗa, kafin mai babur ya iso da ita daga bakin titi ta zama ruwan wanke hannu. Allurar ta fara gudaji a gindin kwalba. Ina yi wa Mama safe da yamma, sugan ko gezau. Ba ta rabuwa da kofin ruwa, ciwon ɗan yatsanta na ƙafa ya ƙi rufewa, ya fara wari. Telan layinmu, wanda shi ma allurarsa ke wurina, an yanke masa ƙafa shekaranjiya.

Na kira mai gyara. Ya leƙa bayan firjin, ya girgiza kai, ya ce wanda ya yi hudar nan ya san aikinsa. Ka ga an yabe ku.

Ban gaya mata ba. Kullum cewa take, "Ɗana yana can, ba zai bari ba." Ni kuwa ina jin haushinka, Yaya, haushin da ban taɓa ji ba. Ka bar zango na uku. Ka saka firji a motarka ka taho.

Auta

*

Auta,

Na gaishe ki. Ban san abin ya kai haka ba.

Na je sito da kaina. Firjinku na nan cikin kwali, da sunan asibitinku a jiki, amma an ce ba ya fita sai Kwamishina ya ƙaddamar da zangon. Na yi magana har murya ta tashi, babu wanda ya saurare ni.

Na sayi ƙarami, na samo sabuwar allura. Ranar Alhamis nake gabatar da rahoton shekara a gaban Gwamna, babu mai yi sai ni. Asabar da sassafe ina hanya, in Allah ya yarda. Ki ce mata ta ƙara haƙuri.

Yayanki

*

Yaya,

Allah ya ba mu haƙuri. Ka zo jana'iza ka koma ba mu zauna ba, shi ya sa na rubuto.

Ka tambaye ni a bakin ƙofa ko ta sani. Ba ta sani ba. Ranar Alhamis ɗin ta sa na kunna mata talabijin. Idonta ba ya gani sosai, amma ta gane muryarka. Ta ce, "Ku bar shi ya gama, aiki yake." Bayan la'asar ta cika.

Firjin ofishinku ya iso jiya. Fari tas, ba ya ko tari, sai ka kara kunne kake sanin yana aiki. Na jera allurar mutum taran da suka rage a ciki.

Sun bar takarda a sa hannu, akwai inda aka tambaya ko mun gamsu da shirin. Ga ta nan cikin ambulan. Kai ka cike.

Auta